A Bahia na ga 'yar mai aikatau ta zama likita

Ni haifaffiyar Zariya ce, a nan na yi firamare da sakandare, kuma har na zama budurwa babu wanda ya taɓa sa ni tunanin launin fatata a matsayin abin da zai buɗe mini ƙofa ko ya rufe ta. A gida akan ce wance fara ce, wance wankan tarwaɗa, wance baƙa, amma duk a cikin dangi ɗaya ake maganar. Abin da ake tambaya idan an gan ki shi ne 'yar gidan wa ce, daga wace unguwa. Sai da karatu ya kai ni Barazil na zauna a ƙasar da fata ke riga mutum yin magana.

Baffana ne ya jiyo labarin wani shiri na gwamnatin Barazil mai suna PEC-G, wanda yake tun 1965, inda ake ba ɗalibai daga Afirka da wasu ƙasashe gurbin karatu a jami'o'insu ba tare da biyan kuɗin makaranta ba. Ci da sha da haya suna wuyan iyaye. Sharaɗin shi ne ki ci jarrabawar harshen Fotugal, kuma idan kin gama ki koma ƙasarku. Mahaifina ya daɗe yana juya maganar, don a ganinsa ɗiya mace ba ta tafiya inda babu dangi. Mahaifiyata ce ta tsaya kai da fata har ya amince. A 2011 na sauka a Salvador, babban birnin jihar Bahia, da niyyar karanta ilimin harhaɗa magunguna.

Kwanakin farko sai na ji kamar ban bar gida ba. Kusan mutum takwas cikin goma a birnin baƙaƙe ne ko ruwa biyu. A bakin titi ga mata sanye da fararen kaya da ɗankwali suna tuyar ƙosai da manja, suna tsaga shi suna cusa jatan lande da yaji. Ana miyar kuɓewa, ana buga ganga, tsofaffi suna kama da kakannina. Amma da na fara shiga jami'a sai idona ya fara rarrabewa. A motar haya da safe dukkanmu baƙaƙe ne. A bakin ƙofa masu gadi baƙaƙe ne, masu shara da masu dafa abinci ma haka. Da zarar an shiga aji, wanda ke tsaye gaban allo kusan kullum fari ne. A asibitin da muke zuwa koyon aiki, mai tura gadon marar lafiya baƙi ne, mai farar riga da ake ce wa likita fari. Babu allon da aka rubuta haka a jiki, babu dokar da ta ce a yi haka, amma kowa ya san wurinsa.

Na kama hayar ɗaki a unguwar Liberdade, a gidan wata dattijuwa mai 'ya'ya biyu, mace da namiji. Ba zan ambaci sunanta ba. Inna nake ce mata, ita kuma tana ce mini 'yata. Ba Musulma ba ce, amma ranar da ta gane ba na cin alade, kuma su da shi suke dafa wake, sai ta sayo sabuwar tukunya ta ware mini. Idan ina salla takan rage sautin rediyo. A watan azumi ita ke tashina sahur, domin dama kafin asuba take tashi.

Aikatau take yi. Tun tana 'yar shekara goma aka ɗauko ta daga ƙauye aka kawo ta wani gida a birni, da alkawarin za a sa ta makaranta. Ba a sa ta ba. Ta yi raino da wanki da girki, ladanta abinci da tsofaffin tufafin 'ya'yan gidan. Ta ba ni labarin ɗakin da take kwana, wani ɗan lungu a bayan kicin kusa da wurin wanki, ba taga, gado ɗaya kawai ke shiga. Ta ce har yanzu gidajen masu kuɗi da yawa da irin wannan ɗakin aka gina su. Lokacin da na san ta tana aiki a wani dogon bene a unguwar masu hali da ke bakin teku, mota biyu take hawa kafin ta isa.

Wata rana ta manta maganin hawan jininta, na ce zan kai mata. Na isa benen, na gaishe da mai gadi, na nufi lif ɗin da na ga mutane suna shiga. Ya tare ni cikin ladabi ya nuna mini ta baya, inda lif ɗin 'yan aiki da kwandon shara yake. Bai tambaye ni ko ni wace ce ba, bai tambayi wurin wa na zo ba. Kallo ɗaya ya yi mini ya yanke hukunci, kuma shi kansa baƙi ne kamar ni. Da dare na faɗa wa Inna raina a ɓace. Ta dube ni ta ce, "'Yata, ni tun ina yarinya ta can nake shiga. Abin da nake roƙo shi ne kada ƙanwarki ta shiga ta can." Daga ranar na fahimci dalilin da ya sa take hana kanta sabon takalmi don ta saya wa yarinyar littafi.

A ɗan masallacin da muke haɗuwa ranar Juma'a na fara jin cewa Hausawa sun riga ni zuwa Bahia da shekaru ɗari biyu. Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804 sun sa an kama mutane da yawa, aka gangara da su bakin teku aka sayar, jiragen ruwa suka kawo su gonakin rake. A 1807 hukumomin Salvador suka gano wani shirin tawaye da bayi Hausawa suka ƙulla, aka murƙushe shi kafin ya tashi. Wasu tawayen suka biyo baya. Mafi girma shi ne na daren 24 zuwa 25 ga Janairun 1835, a ƙarshen watan Ramadan, wanda Musulmi Yarabawa suka jagoranta tare da Hausawa a cikinsu. Suka fito da fararen riguna da layu a wuya. Aka kashe da yawa, aka yi wa wasu bulala, aka mayar da wasu Afirka. Takardun da aka ƙwace a jikinsu suna ajiye a ma'ajiyar tarihin jihar. Na ga hotunansu. Rubutu ne irin wanda muka saba gani a allo, ayoyin da na hardace a makarantar allo ta unguwarmu. Na karanta bisimilla a hannun mutumin da aka raba da garinsu har abada, na kasa riƙe hawaye. Wataƙila Bakatsine ne, wataƙila Bazazzagi, kuma wataƙila jininsa yana gudana a jikin wani da muke hawa mota ɗaya.

Barazil ta karɓi bayi 'yan Afirka fiye da miliyan 4, ba ƙasar da ta kai ta, kuma ita ce ta ƙarshe a nahiyar Amurka da ta soke bauta, ranar 13 ga Mayun 1888. Aka saki mutane ba gona, ba makaranta, ba diyya. A daidai lokacin gwamnati tana kwaɗaitar da Turawa su zo daga Italiya da Jamus da sauran wurare su karɓi aikin albashi. Bayan haka aka shafe shekaru ana faɗa wa duniya cewa ƙasar ba ta san wariyar launin fata ba, tunda kowa ya cakuɗu da kowa. Wannan magana ita ce ta fi yi wa mutanen Inna illa, domin wanda aka ce ba shi da ciwo ba a ba shi magani.

Ƙanwar tawa, 'yar Inna, tana ajin ƙarshe na sakandare lokacin da na zo, kuma likita take so ta zama. Maƙwabta suna jin haka su yi shiru, irin shirun tausayi. Ga yadda abin yake a can a lokacin: jami'o'in gwamnatin tarayya kyauta ne kuma su ne mafi inganci, amma jarrabawar shiga tana da tsanani. 'Ya'yan masu kuɗi suna yin sakandare mai tsada ta kuɗi, su yi darasin share fage, su kwashe guraben kyauta. 'Ya'yan talakawa da suka yi makarantar gwamnati, inda wani zango ke wucewa ba malamin lissafi, sai dai su biya kuɗi a ƙananan jami'o'i masu zaman kansu ko su haƙura. Wato harajin mai aikatau ne ke koyar da ɗan uwar ɗakinta likitanci.

Baƙaƙen Bahia ba su zauna jiran gwamnati ba. A 1992 wasu malamai da ɗalibai suka kafa Cibiyar Steve Biko a Salvador, mai sunan wani ɗan gwagwarmayar baƙaƙen Afirka ta Kudu, don shirya matasa baƙaƙe su ci jarrabawar jami'a, kuma ban da lissafi da kimiyya suna koyar da tarihin baƙar fata da sanin darajar kai. Irin waɗannan azuzuwan suka bazu a unguwanni. A ɗaya daga cikinsu ƙanwata take zuwa da dare, a wani ɗaki na ƙungiyar unguwa mai kujerun roba. Da harshena ya faɗa sai na fara koyar da kemistiri a wurin ranar Asabar. Yawancin ɗaliban mata ne. Wata tana zuwa da jariri a kafaɗa, wata daga shagon da take tsaye tun safe, wata tana gyangyaɗi saboda ta kwana jinyar tsohuwar wasu. Suna dariyar yadda nake furta kalmomi, suna gyara mini, ni kuma ina gyara musu lissafin sinadarai. Ban taɓa ganin masu yunwar karatu irinsu ba.

A Afrilun 2012 kotun ƙolin ƙasar ta yanke hukunci, baki ɗaya, cewa ware wa baƙaƙe gurbi a jami'a bai saɓa wa tsarin mulki ba. A watan Agusta Shugaba Dilma Rousseff ta sa hannu a dokar da ta ware rabin guraben jami'o'in tarayya ga waɗanda suka yi sakandaren gwamnati. A cikin rabin nan akwai kason 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi, sannan ana ba baƙaƙe da ruwa biyu da 'yan asalin ƙasar kaso daidai da yawansu a kowace jiha. Jami'ar tarayya ta Bahia ma ta riga dokar, tun 2005 ta fara nata tsarin.

Na ji gorin da aka yi wa waɗannan ɗalibai da kunnena. Wata 'yar ajinmu ta ce a gabana za a lalata jami'a, za a yaye likitocin da za su kashe mutane. Maganar ba baƙuwa ba ce a wurina. Mu 'yan Arewa mun san yadda ake ce wa mutum ɗan kota ko da ya fi kowa ƙoƙari a aji. Amma abin da na gani shi ne, dokar ƙofar shiga kawai ta buɗe. Bayan an shiga, jarrabawa ɗaya ake yi wa kowa, malami ɗaya ke dubawa, ba a rage wa kowa ko maki ɗaya. Waɗanda na sani da suka shigo ta wannan hanya su ne na ƙarshen barin ɗakin karatu. Abin da ke kayar da wasunsu ba ƙwaƙwalwa ba ne, kuɗin mota ne, da abincin rana, da kwas ɗin da ke cin yini guda ya hana mutum neman na kansa. Shi ya sa nake ganin duk wanda ya ba ɗan talaka gurbi bai ba shi abin da zai riƙe shi a ciki ba, rabin aiki ya yi.

Ita ma Inna doka ta taɓa rayuwarta. A Afrilun 2013 aka gyara tsarin mulki aka ba masu aikatau haƙƙin da sauran ma'aikata suka daɗe da samu: awa 8 a rana, 44 a mako, da kuɗin ƙarin lokaci. Matan da suka yi wannan gwagwarmaya sun san aikin daga ciki. Benedita da Silva, wadda ta riƙe ƙudurin a majalisar wakilai, ta taɓa yin aikatau. Creuza Oliveira, 'yar Bahia da ta shugabanci ƙungiyar masu aikatau ta ƙasa, tun tana ƙaramar yarinya ta fara aiki a gidan mutane, kamar Inna. Amma da aka kammala dokar a 2015 aka ce wadda ke zuwa fiye da kwana biyu a mako ita ce cikakkiyar ma'aikaciya, sai masu gidan Inna suka sallame ta, suka ce ta riƙa zuwa kwana biyu. Bayan duk shekarun da ta yi tana rainon 'ya'yansu. Ta je ofishin ƙungiyarsu, lauya ya lissafa mata abin da take bi, aka biya ta. Ta dawo gida da takardar a jaka tana nuna wa kowa. Kuɗin ba su da yawa, amma karo na farko ke nan da aka rubuta a takarda cewa guminta yana da farashi.

Ɗanta namiji shi ne ciwon da ke cikin ranta. Idan zai fita sai ta tabbatar katin shaidarsa yana aljihu, har rasit ɗin wayarsa take sa shi ya ɗauka, don kada a tare shi a ce sato ta ya yi. Tana hana shi gudu a titi ko da ruwa ake yi. Ba tsoron banza ba ne: fiye da kashi 70 cikin 100 na mutanen da ake kashewa a Barazil baƙaƙe ne ko ruwa biyu, kuma samari sun fi yawa. A Fabrairun 2015 'yan sanda suka harbe matasa 12 a unguwar Cabula, a cikin Salvador. Makon nan Inna ba ta yi barcin kirki ba, tana zaune a bakin ƙofa har sai ya shigo. Yaron yana da kai, amma ya bar makaranta kafin ya gama sakandare don ya taimaka da haya. Dokar gurbin jami'a ba ta isa wurin wanda bai kai bakin ƙofar ba. Yau kai saƙon abinci yake yi a kan babur, kuma har yanzu uwarsa ba ta kwanciya sai ta ji ƙarar mashin ɗinsa.

A Nuwamban 2015 matan unguwa suka haɗa kuɗin mota muka tafi Brasília, tafiyar kusan kwana guda, don tattakin mata baƙaƙe na ranar 18 ga wata. Dubun dubatar mata suka cika titin da ke zuwa majalisa: malaman jami'a, masu tuyar ƙosai, masu kamun kifi, tsofaffi daga ƙauyukan zuriyar bayin da suka tsere. Ni da hijabina a tsakiyarsu, babu wadda ta dube ni a karkace. Ƙanwata ta je da gashinta a tsefe, yadda Allah Ya halicce shi. Tun tana ƙarama ake shafa mata man miƙar da gashi mai ƙona fatar kai, domin a can idan an rubuta a tallar aiki ana neman mai kyan gani, kowa ya san abin da ake nufi. Ƙungiyar Ilê Aiyê, wadda aka kafa a Curuzu kusa da gidanmu a 1974, ita ce ta daɗe tana koya wa 'yan matan unguwar cewa kitso da baƙar fata ado ne. Duk lokacin da na ga yadda man bilicin ke tafiya a kasuwanninmu, har amarya ba ta jin ta shirya sai ta yi haske, nakan tuna da waɗannan matan da suka sha wuya kafin su so fatar da mu muke biyan kuɗi mu kankare.

A karo na farko ƙanwata ba ta samu makin likitanci ba. Ta yi kuka, ta koma kujerun roba. Ta sake zama, ta sake zama. A farkon 2016 sunanta ya fito. A waya ta gani, ta ƙwala ihu har maƙwabta suka fito a guje suna tsammanin wani abu ne ya faru. Inna tana wurin aiki. Da aka kira ta, ta ce a maimaita mata, aka maimaita, sai ta ce za ta ƙarasa gugar da ke gabanta ta taho. Da yamma titinmu ya cika. Wani tsoho da ya yi shekaru yana gyaran takalma a kusurwa ya riƙe hannun yarinyar ya ce ta yi sauri ta gama, yana so kafin ya mutu likita 'yar unguwa ta duba shi.

Na gama nawa karatun na dawo gida kamar yadda sharaɗi ya ce. Ina Zariya labarin kisan Marielle Franco ya iso ni, 'yar majalisar birnin Rio da aka harbe ranar 14 ga Maris 2018, baƙar mace da ta tashi a unguwar talakawa, ita ma ta irin wannan ajin share fage ta bi ta shiga jami'a. Ƙanwata ta kira ni cikin dare tana kuka, ta ce, "Yaya, ko mun yi karatun ba za su bar mu ba." Ban sami abin da zan ce mata ba sai addu'a. A 2023 aka naɗa ƙanwar marigayiyar, Anielle Franco, ministar daidaiton launin fata, kuma a shekarar aka sabunta dokar gurbin jami'a aka ƙara da 'ya'yan ƙauyukan zuriyar bayi.

Bikin yaye su ƙanwata a waya na kalla. Inna ce ta sa mata farar riga da hannunta, hannun da sabulu da ruwan wanki suka cinye. Yanzu tana aiki a wani ƙaramin asibitin gwamnati a cikin jihar. Ta ce har gobe wasu marasa lafiya suna shigowa su gan ta zaune su tambaye ta yaushe likita zai zo. Amma kuma akwai iyayen da ke kawo 'ya'yansu mata ba don ciwo ba, sai don su gan ta.

A nan gida ba launin fata ke raba mu ba, amma labarin Inna yana cikin gidajenmu. 'Yan mata ƙanana ake kwasowa daga ƙauye a raba su gidaje aikatau, dillaliya ta karɓi kuɗin, yarinya ta wanke kayan makarantar 'ya'yan gida ta raka su bakin mota ta dawo ta ɗora tukunya. Mu ma muna cewa ai kamar 'yar gida take, kamar yadda masu gidan Inna suke faɗa. Na yi magana da mahaifiyata a kan yarinyar da ke taya ta aiki, Allah Ya saka mata da alheri ba ta yi musu ba, aka sa ta makaranta, yanzu tana sakandare. Ni da wasu ƙawayena mun roƙi aron aji a wata Islamiyya, muna koyar da 'yan mata lissafi da Turanci da kimiyya ranar Asabar da Lahadi, masu shirin jarrabawar fita sakandare da waɗanda ba su taɓa riƙe biro ba. Allo da alli ba su gagare mu ba, malamai ma ana samu. Abin da ya fi ba mu wuya shi ne shawo kan uwayen gida su saki yarinya na awa biyu. Gida gida muke bi muna roƙo, wasu su yarda, wasu su ce wa zai yi musu wanke-wanke, mu yi godiya mu ce za mu sake dawowa mako mai zuwa.